Littafin Haggai da Ni Na Rubuta

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Na biya shagon Anselm in ga ko an taɓa littattafaina. Suna nan inda na jera su, tsakanin kwalin alli da robobin gam. Ya tare ni da fara'a, wai yana da albishir.

"Ticha, jiya wani ya zo daga Danko ya saya guda biyu. Ya ce ɗan'uwansa na Ingila ya aiko shi, shi nemo masa littafin Haggai."

Na ce, "Littafin wa?"

"Littafin Haggai. Ni ma na ce babu. Sai da ya faɗi labarin golmo, na ce a'a, wannan na Ticha Dominic ne. Ya ce ko na wa ne dai, a ba shi."

Na yi dariya saboda Anselm yana kallona. Da na hau babur sai dariyar ta ƙare.

Shekara huɗu na yi ina rubuta Shekara Bakwai a Gonar Wani. Labarin Bawa ne, saurayin da ya yi golmo, ya noma wa surukinsa gona don a ba shi Tabita, kamar yadda kakanninmu suka yi kafin a ba su mata. Na ɗaure kwali a bayan babur na kai shi Mahuta, na kai shi Wasagu, na bi makarantu ina tallarsa da bakin nan nawa mai i'ina, kowa ya ce Allah ya sa albarka ya mayar mini. Sai Praise, tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya a Manchester, ta ce 'yan Zuru mazauna waje suna da zaure a WhatsApp, amma ba mai lokacin zama da takarda. In a murya ne za su ji a mota, su ji a wurin aiki. Ni kuwa in na fara "ba-ba-babi na ɗaya" sai an sauke tukunya ban kai na biyu ba.

Shi ya sa na je wurin Haggai. Tare muka yi firamare, shi ya tafi soja, ni na tafi koyarwa. Allah ya ba shi murya irin wadda in ya yi sallama a ƙofar gida har maƙwabta ke amsawa.

Ni na roƙe shi. In rubuta wannan don kada in manta: ni na je har gida na roƙe shi.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan an tashi makaranta

Babi na bakwai ya shiga zaure jiya. Na zauna na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Daga Jidda, daga Italiya, daga Amurka. "Baba Haggai ka kashe mu." "Baba Haggai Allah ya ja kwana." "Baba Haggai yaushe na takwas?" Wata har zakaran gidansa ta yaba, wai da ta ji ya yi cara a bayan karatun sai ta ajiye cokali ta yi kuka, don rabonta da jin carar zakara tun da ta bar gida.

Zakara ma an san da shi.

Sunana ya fito sau ɗaya, a saƙon Praise, can ƙasa. Ta rubuta "rubutawa: Sir Dominic" da ƙananan baƙaƙe kamar gargaɗin da ake sawa a bayan kwalin magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba kuɗi a maganar nan, amma bugun dai ina shan sa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Ba kishi nake ba. Gyara nake so a yi.

Asabar, 11 ga Oktoba, da la'asar

Na shigo gida na tarar da matata Beatrice a tsakar gida tana tsinke zogale, waya a kan turmi, muryar Haggai tana tashi. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskarta.

Na ce, "Maman Japhet, lafiya? Kukan mi?"

Ta ɗaga mini hannu. "Dakata mana, Baban Japhet. An zo wurin da Tabita ta kai ma Bawa ruwa gona ta iske ya faɗi."

"Na san wurin. Ni na kayar da shi."

Ko kallona ba ta yi ba. Sai da babin ya ƙare ta share ido da gefen zane ta ce, "Kai, Haggai ya iya faɗin abu."

Shekara biyu littafin nan yana ɗakinmu. Da shi take danne labulen taga in ana iska. Na sha ce mata ta karanta ko shafi ɗaya, ta ce idonta na ruwa. Yau na ga ruwan.

Na ci tuwo kaɗan na ce cikina ne. Ta ce in jiƙa kanwa.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Na je gidan Haggai don ɗaukar babi na tara. Yadda muke yi, yana zama a kujerarsa ta katako ya miƙe ƙafar nan da ke damunsa, ni in riƙe waya kusa da bakinsa. Wato marubuci shi ne mai riƙe waya.

A babin akwai wurin da samarin golmo suka jeru a kunya, rana ta take. Na rubuta "suka rera waƙa" na wuce. Da Haggai ya zo nan sai ya kife littafin a cinya, ya jawo wani tsohon gwangwani, ya kama kiɗa da yatsu, ya ɗauko waƙar noma da yarenmu na C'lela, irin wadda iyayenmu ke yi in gajiya ta fara cin ƙarfin mutane. Ban ce ya yi ba. Ban kuma hana shi ba, don tsigar jikina ta tashi.

Kafin in iso gida zaure ya kama da wuta. Wani daga Amurka ya turo murya yana shessheƙa, babban mutum, wai waƙar babansa ce. Shafi huɗu na ɓata a babin nan ina siffanta rana da zufa da yadda ƙasa ke manne wa garma. Ba wanda ya ambaci ko layi ɗaya.

Haggai ya kira ni yana ta dariya. "Domi, ka ji yadda mutanenka sunka yi?"

Na ce, "Mutanenka dai, Kofur."

"Saje, don Allah. Kar ka rage mini igiya da tsufana."

Ya ɗauka wasa ne. Ni ma na bar shi a wasa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, lokacin tara a makaranta

Praise ta shirya hira ta bidiyo ranar Lahadi, wai masu sauraro su gana da mu ido da ido. Ta yi sanarwa da hotuna. Na Haggai da hular soja, ya cika rabin fili. Nawa ta yanko shi daga hoton bikin yaye ɗalibai, har kafaɗar wani tana ciki.

Na yi mata magana a gefe, cikin lalama. Ta ce, "Ayya Sir, shi kaɗai na samu. Ku turo wani." Na turo. Ba ta canza ba. Wataƙila tana bakin aiki. Wataƙila.

Na rubuta jawabi shafi biyu kan yadda aka haifi littafin. Na maimaita shi a gaban madubi har na san duk inda harshena ke tuntuɓe, na canza kalmomin. Wannan karon za su san wanda ya yi noman.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan an gama

An yi hirar.

A ƙarƙashin mangwaron gidan Haggai muka zauna, don nan ne sabis ke kamawa. Waya ɗaya, an jingina ta da gwangwani. Fuskoki cike da allo.

Jawabina yana aljihu har yanzu, a ninke.

Wata mata daga Italiya ta tambaye shi yadda aka yi ya san zuciyar Tabita haka, shi da yake namiji. Shi ta tambaya. Tabita da na gina da hannuna, na ba ta tafiyar Innata da dariyar ƙanwata da ta rasu.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Abu ɗaya kawai: tun da aka haife ni magana ba ta taɓa fita daga bakina sumul haka ba. Ko tuntuɓe ɗaya ban yi ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, da safe

Gaskiya na faɗa. Ko ba a ji daɗi ba, gaskiya ce.

Litinin, da azahar

Rabinta gaskiya ce.

Laraba, 22 ga Oktoba, da yamma

Tun Lahadi Beatrice ke ajiye mini abinci ta wuce ba magana. Ashe tana cikin hirar, a wayar Japhet ta kalla. Yau ta zauna a bakin ƙofa, ta kira ni da muryar da take yi in za ta faɗi mutuwa.

"Lasifika, Baban Japhet? A gaban duniya ka ce mishi lasifika? Mutumin da ya ɗauki akwatin gawar Baba a kafaɗa da ƙafarshi mai ciwo?"

Na ce mata ba ta san yadda abin ke ci na ba.

"Na sani. Gida ɗaya muke kwana. Amma wagga ta lasifika mai sauƙi ce. Ta biyun fa? Yadda ya baro soja, wa ya gaya ma in ba kai ba? Ko matarshi ba ta san rabin abin ba. Kai ya ba ajiya, ka kwance ta a kasuwa."

Na ce su ma sun yi laifi, sun mai da ni kamar ɗan rakiya.

"Sau nawa ya nuna ka da hannu ya ce ga mai littafi nan, ku tambaye shi? Ina kallo. Kai ne ba ka gani ba, idonka na kan hoto."

Ya nuna ni. Na tuna yanzu. Suna ta surutu a kan juna ba su ji shi ba, ni kuma na ɗauka alfarma yake yi mini, ita ce ma ta ƙara tunzura ni.

Da na gama maganata ranar, sai Haggai ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta a gwiwa, ya duƙa wajen waya ya ce, "To jama'a, a kashe lasifika." Ya shige cikin gida. A gidansa, a ƙarƙashin itacensa, ni aka bari zaune.

Asabar, 25 ga Oktoba, da rana

Na ɗauki babi na goma da kaina. Na rufe ƙofa da taga, na sa aka kore kaji zuwa bayan gida don ina son abu mai tsabta irin na rediyo. Tun safe nake abu ɗaya. In na wuce "Bawa" sai "gona" ta riƙe ni, in na wuce "gona" sai numfashi ya ƙare. Na goge na sake har wayar ta yi zafi.

Na tura dai. Littafina ne, muryata ce, ba wanda zai ce komai.

Talata, 28 ga Oktoba, da hantsi

Ba wanda ya ce komai.

A'a, sun ce. Sun turo alamar babban yatsa. Praise ta cire hoton zaure ta sa nawa, mai kwat, ni kaɗai. Yanzu kowa "Marubuci Dominic" yake rubutawa, cikakke, da ladabi, irin ladabin da ake yi wa mutum a zaman makoki. "Mun gode Marubuci Dominic." "Sannu da ƙoƙari Marubuci Dominic."

Abin da na nema ke nan. An ba ni har da gyara.

Haggai ya fita daga zauren tun ran Lahadin. Ba wanda ya ambaci sunansa a gabana. Na tabbata suna ambata a bayana, na tabbata ma sun buɗe wani zauren da ba ni ciki. Ban da hujja. Amma mutanen da ke turo saƙo ɗari a yini ba sa yin shiru haka kawai.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da la'asar

Saƙon murya ya shigo mini kai tsaye daga wata tsohuwa a Amurka. Ban san ta ba. 'Yarta ce ta kai ta can renon jikoki.

"Ɗana, sannu da aiki, Allah shi yi albarka. Na ji karatunka, ka yi ƙoƙari. To ina yaron nan mai karatu? Ni ban yi makaranta ba. Jikokina ba su jin Hausa, ba su jin C'lela, in sun tafi makaranta ni ɗaya nika wuni da bango. In na kunna shi sai in ji kamar ina zaune ƙofar gidanmu. In faɗa kunka yi, ku shirya. Ina son in ji ko an ba Bawa matarshi kafin in mutu."

Haggai ya ba sittin baya, amma yaro ne a wurinta. Na saurara sau biyu. Na farko na ji kunya. Na biyu, Allah ya gafarta mini, abin da na ji shi ne: ita ma shi take nema.

Ban amsa ba tukuna.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, bayan an taso coci

Haggai ya zauna can gefen tsofaffin sojoji. Da aka ce a gaisa da juna na nufi wajen, sai na ga ya duƙa yana gyara takalmi. Takalmin ba shi da igiya.

Laraba, 5 ga Nuwamba, da yamma

Yau na ji abin da ya fi komai.

Na shiga shagon Anselm sayen alli, sai na ji muryar Haggai tana fitowa daga wayarsa a kan kanta. Na ɗauka tsohon babi ne. Na kasa kunne. Ba Bawa, ba Tabita. Wata Asabe ce mai tuyar ƙosai da mijinta direban babbar mota.

Anselm ya ce, "Sabo ne, Ticha. Na yarinyar nan Khairunnisa ta Mahuta. Baba Haggai ya fara karanta mata. Yana da daɗi fa, matata ba ta bari in huta."

Khairunnisa. Ni na duba mata rubutunta na farko, da jan biro, har na ce mata ta rage gaggawa. Ga shi ta yi gaggawar ta iso inda na tashi.

Na sa ya tura mini, wai zan duba mata kurakurai. Na tsaya a bayan makaranta inda ba kowa na ji shi daga farko har ƙarshe. Sannan na sake. Labarin ba laifi, in faɗi gaskiya, ko da yake tsakiyarsa ta yi sanyi. Amma da aka zo wurin surukar Asabe, sai ya yi mata muryar tsohuwa, mai jan "tooo" har sai numfashi ya kusa ƙarewa. Wannan muryar kakata ce. Ni na kwaikwaya masa ita a ƙarƙashin mangwaro, muna dariya har ya riƙe ciki, don ya yi wa kakar Tabita. Ya ɗauke ta ya kai gidan wasu.

Zakaran ma ya yi cara a nata.

Makonni ina jin zafin an ba shi abin da yake nawa. Yau zafin ya juya, kuma ya fi na da: shi ne nawa, aka ba wata. Ban san mutum zai iya kishin abokinsa ta gaba ya kuma yi kishinsa ta baya ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da safe

Na zauna na rubuta babin farko na sabon labari, na wani soja da ya dawo gida ya tarar an raba gonar ubansa. Rabon da rubutu ya zo mini haka har na manta. Kowane layi na rubuta ina jin yadda zai fito daga bakinsa, inda zai ja, inda zai tsaya ya yi tari. Ashe tun babi na uku na wancan littafin haka nake ji in na karanta, ban dai yarda ba.

A shafi na uku na bar fili, na rubuta a tsakiya da manyan baƙaƙe: NAN A YI WAƘA.

Beatrice ta ga ina ninke takardun. Ta ce, "Takarda za ka kai mishi ko haƙuri?" Na ce duk ɗaya ne. Ta ce ba ɗaya ba ne.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da la'asar

Na sami Haggai a bayan gida yana yaɓe rumbu, dawa ta kusa shigowa. Hannunsa duk laka. Na yi sallama ya amsa, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa kamar baƙo.

Na buɗe baki in faɗi abin da ya kawo ni. Tun daga gida nake maimaita shi a kan babur. "Ka yi ha... ka yi ha..." Nan ta tsaya. Na buga ƙafa a ƙasa yadda nake yi tun muna yara, ba ta fito ba. Da can in na maƙale shi ke ƙarasa mini, tun a aji ɗaya. Yau ya tsaya yana kallona, yana jira, har na rufe bakin.

Na miƙa masa takardun.

Ya wanke hannu sosai, ya goge a wando, ya sa tabarau, ya zauna a kan turmi ya miƙe ƙafa. Na gyara zama. Har na ciro waya daga aljihu na riƙe a cinya, don na san shi: ko takardar magani aka ba shi sai ya karanta ta kowa ya ji.

Ya fara. Idonsa na tafiya a kan layi. Na jira.

Ya juya shafi. Kaji na ta tono a gefenmu, wani yana faskare a maƙwabta. A shafi na uku yatsansa ya tsaya a kan filin nan, ya daɗe a wurin. Sannan ya wuce.

Da ya kai ƙarshe ya daidaita takardun a gwiwa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ya yi kyau, Malam Dominic. Allah shi ƙara basira."

Ya cire tabarau, ya koma wajen lakarsa.

Fiye da shekara hamsin ina tare da mutumin nan. Sai yau na san ya iya karatu a zuci.